Sukuwa minti biyu ce, hirarta mako guda: a ba masoya doki fili a rediyo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fage ya san sukuwa ba ta da tsawon rai. Dokin ƙwarai yana cinye mita 1,200 cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, kafin ka gyara tsayuwa ƙura ta lafa, an san wanda ya ci. Abin da ya rage bayan nan duk magana ce: wa ya riga tashi, wa ya tare wa wani hanya a kwana, me aka ciyar da bikilin nan har ya canja haka, wace goɗiya ce ta haife shi. Wannan maganar ce ke riƙe da sukuwa daga wannan Sallah zuwa waccan. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a ɗauke ta daga gindin bishiya da rumfar mai shayi a kai ta rediyo, a shirin tattaunawa na mako-mako, da harshen Hausa, wanda masu saurare za su bugo waya su tofa albarkacin bakinsu. Kiran nawa yana zuwa ga gidajen rediyon jihohinmu, na Singa da Madani da Damazin da Gadarif, sannan ga mu kanmu da za mu kasa kunne.

Bari in fara da faɗin irin sukuwar da nake nufi, don kada mai karatu ya zaci ina maganar ta Ingila. A nan Abu Na'ama da ƙauyukan da ke kewaye da mu, ba mu da filin sukuwa mai shinge da rumfar manya. Yawancin dawakinmu 'yan aiki ne. Suna jan karo, suna kai ruwa, suna kwaso riɗi da dawa daga gona, suna kai mara lafiya bakin titi idan damina ta mayar da baƙar ƙasarmu taɓo, mota ta kasa shiga. Sai ranar Sallah ko ranar ɗaurin aure a kwance wa wasu karo, a wanke su, a ɗaura sirdi, samari su fita bayan gari su gwada. Akwai kuma 'yan tsirarun mutane da ke kiwon doki don sha'awa kawai, ba sa bari ya ja komai. Idan ka haɗa masu karo da masu sha'awa da dattawan da suka hau a zamaninsu da yaran da ke bin bayan doki da gudu, za ka ga masoya doki a cikinmu ba kaɗan ba ne. Abin da babu shi ne wurin da za su haɗu su ji juna.

Son dokin nan kuwa da shi kakanninmu suka zo. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'ar da ta rage, har suka sauka a bakin kogin nan kusa da Sinnar, garin da ake kira Mai Wurno har yau. Wasu sun riga su zuwa a kan hanyar hajji, wasu sun biyo baya lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aikin auduga ya buɗe a Jazira. Mutanen nan sun fito daga ƙasar da doki ke nuna matsayin mutum, ƙasar da ke da sarautar Shamaki don kula da barga, ƙasar hawan Sallah. Suka kuma iske Sudan ita ma ƙasar doki ce. Irin dokin Dongola sunan garin Dongola na arewacin ƙasar nan ya ɗauka, jininsa ya bazu har Barno da ƙasar Hausa. Darfur ta shahara da kiwon dawaki, Nyala ta shahara da sukuwa, Khartum tana da filin sukuwarta tun zamanin Ingilishi. Ka ga ke nan ta uwa ta uba mun gaji abin.

To me rediyo zai ƙara a kan abin da muke da shi?

Abu na farko, rediyo yana kai fage ga wanda bai je fage ba. An ce gani ya kori ji, amma mutum nawa ne ke samun ganin? Tsohon da ƙafa ta hana shi fita, matar da ke cikin gida, mai gadin gona, ɗan gudun hijirar da ke Kasala ko Bur Sudan, duk ba za su ga ƙurar ba. Turawa sun gane wannan da wuri. Tun 1927 BBC ta fara watsa babbar sukuwar Ingila mai tsallake shinge kai tsaye ta rediyo, mutane suna zaune a ɗakunansu suna jin sunayen dawaki na fitowa daga bakin mai sharhi kamar ruwan sama. A Ostareliya akwai gasar kofin Melbon da ake yi tun 1861, ranar Talatar farko ta watan Nuwamba, wadda ta kai ana tsayar da aiki a saurare ta, rediyo na cikin abin da ya kai ta wannan matsayi tun kafin talabijin ta zo.

Ba sai mun je nesa haka ba ma. Dubi kokowar gargajiya a Nijar. Tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, jihohi suna karɓar baƙuncinta bi da bi. Filin kokowa komai girmansa mutum dubu nawa zai ɗauka? Amma idan lokacin ya zo, daga Difa har Tilaberi kowa yana manne da rediyo ko talabijin, kuma bayan an tashi a shiga sharhi da musu har dare ya raba. Da haka sunan ɗan kokowa irin Isaka Isaka na Doso ya shiga gidajen da ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Mu ma nan mun san yadda hirar Hilal da Marrikh ke cika rediyo da kasuwa, har wanda bai taɓa taka Umdurman ba yana iya lissafa maka 'yan wasa goma sha ɗaya. A ƙasar Hausa kuwa akwai doki guda da har yau ake ambaton sunansa, Ɗanfilinge, saboda waƙar da Ibrahim Narambaɗa ya yi masa. Dawakin da suka kai shi gudu a zamaninsa Allah kaɗai ya san adadinsu, sun mutu an manta. Shi murya ce ta ɗauke shi, rediyo da kaset suka tsallakar da shi har zuwa kunnuwanmu a bakin Nilu.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ya fi nauyi, shi ne ilimin kiwo. Duk hirar sukuwa idan ta yi nisa sai ta koma hirar ciyarwa da magani, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Dokin da ya ci ranar Sallah, tun watanni uku baya aka ci masa. A nan ne masu doki da yawa ke asara saboda rashin sanin abin da likitan dabbobi zai iya bayyanawa cikin minti biyar. Mutum nawa ne suka san doki ba ya iya amai, kuma tumbinsa ƙarami ne in an kwatanta da girman jikinsa, shi ya sa idan aka cika masa dawa lokaci guda, ko aka canja masa abinci kwatsam, ciwon ciki ke kayar da shi har ya kai ga mutuwa? Mutum nawa suka san karan dawa ɗanye da ya sake tohowa bayan yanka, ko wanda fari ya taɓa, yana iya zama guba ga dabba, har da abu sab'in da muke shukawa don ciyarwa? Akwai cutar dawaki da wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, musamman a ƙarshen damina. Tana iya kashe tara cikin goma na dawakin da ta kama, jaki kuwa yakan jure mata. Tana da allurar rigakafi, kuma shigar da doki rufaffen wuri da dare da yi masa hayaƙi yana rage haɗarin. Haka ƙusa ko ƙaya da ta soki kofato, idan aka raina ta, tana iya jawo ciwon sanƙarar jiki, doki kuwa yana cikin dabbobin da wannan ciwo ya fi saurin kamawa.

Likitan dabbobi guda ba zai iya zaga ƙauyuka hamsin ba, balle yanzu da man fetur ya zama abin da ya zama. Amma idan ya zauna a gaban makirfo awa ɗaya, ƙauyuka hamsin ɗin sun ji shi. Kuma amfanin shirin bugo waya a kan lacca shi ne tambayar daga wurin mai matsalar take fitowa. Wani zai bugo daga Suki ya ce, “Likita, dokina yana ci amma ba ya ƙiba.” Likita ya tambaye shi shekarun dokin, ya ce a duba haƙoransa, a ba shi maganin tsutsar ciki. Wani dattijo ya bugo daga Mai Wurno ya ce su a zamaninsu kanwa da dusa suke haɗawa, likita ya faɗi inda hakan ke da amfani da inda yake da iyaka. Mai karo da ke saurare a Dindir, wanda bai taɓa shiga sukuwa ba kuma ba zai shiga ba, ya tsinci abin da zai ceci dokin da ke ciyar da 'ya'yansa. Akwai gidajen da maigida ya rasu, dokin karo ne kaɗai ya bari, uwar marayu ce ke ba shi harawa da ruwa, ɗanta yana fita da shi. Wannan baiwar Allah ba za ta je rumfar mai shayi ta yi tambaya ba, amma rediyo yana shiga har madafarta.

Abu na uku shi ne raba gardama. Sukuwar ƙauye ba ta da alƙali, ba ta da rubutacciyar doka. Shi ya sa sau da yawa ake tashi baram-baram: wannan ya ce an tashi kafin a ba da alama, wancan ya ce an haɗa masa duƙushi da ingarma mai shekara bakwai, wani ya ce an doki fuskar dokinsa da bulala. Maganar takan bi mutane har gida, ta shiga tsakanin unguwa da unguwa. Idan akwai fili a rediyo da ake baje irin wannan a gaban kowa, sannu a hankali sai ƙa'ida ta fito daga bakin jama'a da kansu: a raba dawaki bisa shekaru, a auna nisan fage a kafa alama, a sa dattawa biyu a wurin tashi, biyu a wurin tsayawa. Mutumin da ya san ranar Juma'a za a ambaci abin da ya yi a rediyo, surukansa suna ji, zai yi tunani kafin ya tare wa wani hanya. Sannan mai cika baki zai samu daidai da shi. Doki ɗaya a fage ai gudu gare shi. Idan mutumin Abu Na'ama ya ji akwai wani akawal a Wad Nil da ba a taɓa wucewa ba, sai a sa rana a gwada, ziyara ta ƙullu tsakanin garuruwa biyu.

Raba dawaki aji-aji ma ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere a Madina, ya sa wa dawakin da aka horar nisa mai tsawo, daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada, waɗanda ba a horar ba kuma ya sa musu gajere, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kuma Abdullahi ɗan Umar yana cikin mahayan. Wannan kaɗai ya isa darasin shiri guda, a gayyato malami ya yi bayani.

Abu na huɗu ya shafi sana'ata. Ni malamin makaranta ne, da Larabci nake koyarwa kamar kowane malami a ƙasar nan, kuma ina alfahari da yaranmu idan suka fi kowa iya nahawu. Amma ina ganin abin da ke zubewa. Ka tambayi yaro ɗan aji shida sunan abin da mahayi ke sa ƙafa a ciki, zai faɗa maka da Larabci, “likkafa” kuwa sai ya tsaya kallonka. Majayi, ragama, jalala, turke, kilisa, zamiya, duk suna tafiya tare da tsofaffi. Launukan doki kaɗai ƙamus ne: kili, akawal, danda, bidi, gunya, bikili. Hausar cefane da gaisuwa ba za ta ɓace nan kusa ba, ana yin ta kullum. Wadda ke mutuwa ita ce Hausar sana'a, irin wadda ba a furta ta sai ana aikin. Ba a kuma ceto ta da rubuta jerin kalmomi a allo. Sai yaro ya ji manya suna musu da ita, ransu a ɓace ko suna dariya, a kan abin da shi ma ya damu da shi. Shirin sukuwa zai yi wannan aikin ba tare da kowa ya ce ana koyar da harshe ba.

Mu al'umma ce da ta san darajar rediyo fiye da kowa. Iyayenmu sun kama sashen Hausa na BBC tun da aka buɗe shi a 1957, suka ƙara da na Jamus a 1963, na Amurka a 1979, na Faransa a 2007, ga Rediyon Umdurman da ke magana tun 1940. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe a Sudan ya san ƙarar neman tasha da asuba. Sai dai kusan duk Hausar da muke ji a akwatin nan labarin wasu wurare take ba mu. Muna jin Kano, muna jin Yamai, muna jin yadda ake bugo waya a Ra'ayi Riga, amma da wuya mu ji sunan ƙauyenmu, sai fa in wani mugun abu ya faru, kamar rikicin jihar Nilul Azrak na 2022 da ya ci rayuka ya raba dubban mutanenmu da gidajensu. Ina so a samu awa ɗaya a mako da za a ambaci garuruwanmu saboda wani gunya ya yi gudu. Kuma doki ba shi da ƙabila. Balarabe makiyayi, Bafulatani, mutumin Funj, mutumin Darfur da ke zaune cikinmu, duk wanda ya san doki zai so ya sa baki, in ya bugo da Larabci a amsa masa da Larabci, mai gabatarwa ya fassara. Maƙwabcin da kuka yi musun doki da shi ranar Juma'a, da wuya wani ya zo ranar Asabar ya ce maka dodo ne ka yarda.

Akwai kuma zumuncin yamma. 'Yan ƙwallon dawaki a Kano da Katsina da Kaduna sun daɗe suna hawan dawakin Sudan, ana bi da su ta Chadi. Kano tana da Filin Sukuwa, Yamai da Maraɗi da Damagaram suna da filayensu, garin Bida yana karɓar gasar da dawaki ke zuwa daga ƙasashe maƙwabta. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Da saƙon murya guda na WhatsApp, mai kiwon doki a Maraɗi zai iya ba masu saurare a Singa labarin yadda gasarsu ta kaya, mu ma mu aika musu da namu. Hanyar da kakanni suka bi wata da watanni, yau murya tana ƙetare ta kafin shayi ya huce.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce, “Malam, ana yaƙi kana maganar doki?” Tun 15 ga Afrilun 2023 ƙasar nan ba ta huta ba. Khartum ta watse, Madani ta ɗanɗana, Singa da ke nan kusa da mu ta fita daga hannun gwamnati a ƙarshen watan Yunin 2024, ba ta dawo ba sai a watan Nuwamba. Mutane sun rasa 'ya'ya, sun rasa gidaje, sun rasa dabbobi. Ba na raina ko ɗaya. Amma duk wanda ya zauna cikin wannan hali ya ga abu biyu. Na ɗaya, da motoci suka ɓace, mai ya yi tsada, karo ne ya ɗauki mutane da kayansu da marasa lafiyarsu, darajar doki da jaki ta dawo sabuwa. Lafiyar dabbar nan yanzu maganar abinci ce. Na biyu, mutumin da aka cika wa kunne da labarin mutuwa safe da yamma yana bukatar abin da zai tuna masa cewa shi mai gari ne, mai al'ada, yana da abin da yake so ban da tsira da rai. Ba wanda ya ce a daina buga ƙwallo sai an gama yaƙi. Hilal da Marrikh ma Muritaniya suka tafi suka shiga gasar can don kada ƙafarsu ta mutu.

Wasu kuma za su ce zamanin rediyo ya wuce, kowa yana da waya, bidiyon sukuwa yana yawo a Facebook da TikTok. Ina da waya, ina kallo. Amma a watan Fabrairun 2024 da layukan sadarwa suka ɗauke a kusan duk faɗin Sudan, me ya rage a hannun mutane? Akwatin nan mai batir biyu. BBC da kanta ta rufe rediyonta na Larabci a watan Janairun 2023 bayan shekara 85, sai ga shi a watan Mayu ta buɗe shirin gaggawa na rediyo don Sudan, saboda ta ga babu wata hanyar da ta fi shi isa ga mutane. Ban da haka, bidiyon daƙiƙa talatin yana nuna maka wanda ya ci ne kawai, ba ya gaya maka dalili. A ƙarƙashinsa kuma zagi ne ke tafiya, kowa da sunan aro. A rediyo akwai mai gabatarwa da zai ce, “Dakata Alhaji, bari ɗan'uwanka ya gama,” kuma mai magana da muryarsa yake yi, garinsu sun san shi. Waya da rediyo ma ba kishiyoyi ba ne. Da waya za a bugo, da ita za a turo sakamako daga ƙauyuka, da ita za a tura shirin ga wanda ya rasa shi.

Ƙorafi na uku shi ne wanda na fi jin tsoro, wato caca. A ƙasashe da yawa hirar sukuwa a rediyo hirar 'yan caca ce tsantsa: wane doki za a zuba wa kuɗi, nawa zai biya. A Nijar da Burkina Faso da Mali akwai masu cika takardar PMU kullum a kan dawakin da ke gudu a Faransa, mutum bai taɓa shafa wuyan doki ba amma ya haddace lambobinsu, kuɗin cefane yana tafiya. Yanzu kuma cacar ta shigo cikin waya, ba ta bukatar shago. Idan shirin da nake kira a yi zai zama ƙofar wannan, gara kada a fara. Sai dai sukuwa tana rayuwa ba caca. A nan Sudan dokokin Satumbar 1983 sun haramta caca, sukuwar Khartum kuma ta ci gaba shekaru da dama bayan haka. Dubai tana shirya gasar kofin duniya ta sukuwa tun 1996, Saudiyya ta fara tata a 2020 da kyautar dala miliyan 20, kuma ba a buɗe tagar caca a filayensu. Malamanmu sun bambance tsakanin kyautar da wani na gefe ya sa wa wanda ya ci, wadda ta halatta, da kuɗin da 'yan kallo ke zubawa wani ya kwashe na wani. Shirin da ke faɗin wannan a fili, ya ƙi karɓar tallar kamfanin caca komai kuɗinta, zai zama katanga. Idan muka yi shiru kuwa, matasa za su koyi hirar doki daga wurin masu cacar.

Akwai wasu abubuwa biyu da nake so a riƙa faɗa a irin wannan fili, domin a bakin fage kunya takan hana. Ɗaya, ɗora ƙananan yara a kan doki don ba su da nauyi, ba hular kariya, wani lokaci ba sirdi. Mu 'yan Sudan bai kamata a tuna mana haɗarin wannan ba. Yaran ƙasar nan suna cikin waɗanda aka riƙa kai wa ƙasashen Larabawa na Gulf suna hawan raƙuman tsere, har aka hana, aka maye gurbinsu da na'ura wajen 2005. Ina da ɗalibai da suke ɗokin hawa, ba na so in ga kujerar ɗayansu babu kowa bayan hutun Sallah. Na biyu, ɗura wa doki ƙwayoyin mutane don ya yi gudu ko ya jure aiki. Dabba ba ta da bakin kai ƙara. Idan likita ya bayyana abin da hakan ke yi wa zuciyarta, malami ya faɗi hakkin dabba a kan mai ita, wanda ke yi zai ji, ko bai bugo waya ba.

Yadda nake hango shirin ba wani abu ne mai tsada ba. Awa ɗaya, ranar Juma'a bayan la'asar ko bayan isha'i, lokacin da masu karo suka kwance. Mai gabatarwa ya kasance ya san doki, ya iya Hausa da Larabci, kuma yana da haƙurin sauraren tsoho. Kusa da shi likitan dabbobi ko ma'aikacin kiwo, ga Kwalejin Aikin Gona ta Jami'ar Sinnar nan Abu Na'ama, masana ba su yi mana nisa ba. Kashi na farko labarin fage da farashin harawa da dusa da dawaki a kasuwanni. Kashi na biyu tambayoyin lafiya. Kashi na uku a ba wani dattijo ko wata dattijuwa minti goma su ba da tarihin wani doki ko wani mahayi da aka yi a garinsu, a adana muryar. Sauran lokacin na masu bugowa ne. Dokoki uku sun isa: ba caca, ba zagin mutum ko ƙabila, ba tallar maganin da likita bai sani ba. Kuɗin fili kuwa, masu sayar da abincin dabbobi da baduku masu ɗinka sirdi da 'yan kasuwarmu da ke son a ambaci sunansu da alheri za su iya ɗauka.

Kafin gidan rediyo ya amsa, akwai abin da ke hannunmu. Kowane gari ya samu mutum guda da zai riƙa rubuta sakamakon sukuwar Sallah: sunan doki, launinsa, mai shi, mahayinsa, nisan da aka yi. Matasa su ɗauki wayoyinsu su je wurin tsofaffin mahaya su naɗi hirarsu tun suna raye. Sarakunan Hausawa da shugabannin unguwanni su rubuta wa daraktocin rediyon jiha takarda, da sa hannun masu doki da masu karo, a nuna musu akwai masu saurare a shirye. Mai rediyo yana bin inda kunnuwa suke ne. Idan sun ga takarda daga gari goma, ga likita ya yarda zai zo, ga mai ɗaukar nauyi, ban ga dalilin da zai sa su ƙi ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya nuna mana Sallar da za a yi sukuwa a bayan gari, wanda ke nesa ya kunna rediyo ya ji wanda ya ci.

Marubucin malamin makaranta ne, ya rubuto daga Abu Na'ama, jihar Sinnar.